Yadda Na Ɓuya wa Masu Ceto a Tekun Shu'aiba

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce Na-Yawuri yaya teku, wancan ya ce wai kifi ne ya kayar da ni. Malam Sani mai shayi har ƙarin madara ya yi mini don in buɗe baki, abin da bai taɓa yi ba shekara goma. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji huɗu na bar firamare, kada wani ya zo yana gyara mini rubutu. Sunaye kuma na canza su, kun san dalili.

Ku dai kun san ni, amma takarda tana zuwa inda mai ita bai je ba. Shekarata ashirin da shida a Makka. Kafilina, wato ɗan ƙasar da takardar zamana ke kansa, wani tsoho mai shagon katifu a Aziziyya, ya rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa suka sayar da shagon suka manta da ni kamar tsohuwar tsintsiya a bayan ƙofa. Iƙamata, katin izinin zama, ta mutu a aljihuna. Daga ranar duniyata ta koma tsakanin ɗakinmu a Mansur da tukubar tsiren da nake yi wa wani aiki, sai Harami ran Juma'a. In aka kama ni tarhil ne, jirgi sai Nijeriya. Matata Rabi a nan aka haife ta, 'ya'yana mata uku a nan aka haife su, ba wadda ta san hanyar Yawuri. Ni ma ba abin da ya rage mini can sai kabarin uwata.

Wanda ya ja ni tafiyar Adil ne, ɗan baffan Rabi. Ubansa ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a zamanin da ake samu, uban Rabi ya ce sai gobe, har ya mutu goben ba ta zo ba. Shi ke nan, wa da ƙane, zuriyar ɗaya na unguwar Shisha da mota biyu, ta ɗaya na Mansur tana jin ƙarar birki tana leƙen taga. Sau uku Adil yana cewa in kawo tsohon fasfona ya gwada mayar da kafalata kansa, a rubuta ni direban gidansa. Sau uku ina ce masa yaron da na sha aike sayen burodi ba zai zama ubangidana ba.

Bakina ne ya ja mini. Kun sha ji ina cewa ubana Basarke ne, a cikin kwalekwale na yi rarrafe. Ran nan Adil ya zo tukuba, kuna zaune, ya ce da Hausarsa mai ƙafa ɗaya, "Ya Abu Hafsa, kai kullum ruwa ruwa, Yawuri Yawuri. Yalla, ran Asabar. Ina da kayak itnen, jirgin roba biyu. Mu ga ɗan ruwa." Ya ƙara da cewa, "Ko akwai tsoro?" Kuka kwashe da dariya, har da kai Malam Sani. Na ce ya zo bayan Asuba.

Rabi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baban Hafsa, shekara shida ba ka fita garin nan ba, ko da aka yi rasuwa a Jidda ba ka je ba. Yau sai don kifi?"

Na ce Hajji ya wuce da wata uku, taftish, binciken takardu, ya yi sanyi, kuma a motar ɗan ƙasa zan zauna. Ta dube ni ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ya zo da jiragen a ɗaure saman mota, ɗaya ja ɗaya shuɗi, kamar an raba kwalbar roba gida biyu. Ya miƙo mini farar jallabiyarsa in saka, ta yi mini tsawo ina taka ta. Ya ce in zauna gaba, in an tsayar da mu kada in ce komai. A shingen fita askar, sojan da ke gadi, yana shan shayi, ko kai bai ɗaga ba, hannu kawai ya kaɗa. Duk da haka sai da muka yi nisa na tuna ana yin numfashi. Can gaba na hango wata mota da fitila a kai, na sunkuya wai ina gyara takalmi. Adil ya ce, "Ya sheikh, tashi, motar jan mota ce." Silifa ce a ƙafata, ba ta da abin gyarawa.

Mun tsaya a wani gidan mai muka ci waken ful da burodin tamis mai zafi. Mai gasa burodin ɗan Afganistan ne, ya dubi jiragen ya tambaye mu ko akwatin gawa ne na zamani. Na so in mayar masa da magana, Adil ya taka mini ƙafa. Daga nan hanya ta miƙe, duwatsun Makka suka ƙare, sai rairayi da raƙuma. Raƙuman ma sun fi ni 'yanci, ba mai tambayarsu takarda.

Wurin da muka je can wajen Shu'aiba ne, inda teku ta shigo cikin ƙasa ta yi ciki kamar tulu, da ƙaramin baki da ke fita babbar teku. Masaukinmu kwantena ce da aka yanka wa taga aka shimfiɗa darduma, wani Basudane ke bayar da ita haya. Katin Adil kawai ya duba, ya kawo mana shayi mai kirfa. A gefe wani tsoho baƙi siriri yana ɗinkin raga kusa da jirginsa na katako. Ammi Salim ake ce masa, mutumin Tihama. Ya dubi jiragenmu ya tofar da yawu ya ce kayan wasan 'yan birni. Nan take na ji ina son mutumin.

Adil ya kawo mini gajeren wando na ce da gemuna ba zan saka ba, na naɗe jallabiya na ɗaure a ƙugu. Ya saka mini rigar ceto ruwan goro, mai ƙyalli a kafaɗa da usur a rataye, ya ja maɓallanta uku da kansa. Sannan ya kafa mini doka.

"Abu uku, ya Abu Hafsa. Riga, kada ka cire. Tsayuwa an hana, mamnu'. Kuma ka ga farin ƙarfen can a bakin?" Ya nuna wani turke a inda tulun ya buɗe. "Izinina nan ya tsaya. Bayan shi masu gadin teku ke yawo, kowa suka gani sai sun ce bataƙa, kawo kati. Ka fahimta?"

Na ce na shiga ruwa tun ba a haife shi ba.

A Yawuri namiji tsaye yake a bayan kwalekwale da gorarsa, yana karanta ruwa daga sama. Zama na mata ne masu zuwa kasuwa, da awaki. Nan kuwa zama za ka yi ka miƙe ƙafa kamar mai jego, a ba ka filafili mai kai biyu kana tsoma dama kana tsoma hagu. Sau biyu jirgin yana juyawa da ni ina kallon inda na fito. Ammi Salim bai ma ɓoye dariyarsa ba. Abincin fatsa kuma ba tana ba, ba gari ba. Jatan lande ne na roba da aka yi wa fenti kamar amarya, da zoben allurai a wutsiya. Na ce wa Adil ashe a ƙasar nan har kifi roba ake ba shi ya ci.

Ruwan garau, kana ganin ciyawa a ƙasa. Ya nuna mini yadda ake yi: ka jefa, ka bari ya nutse, ka fizga sau biyu, ka sake bari. A jifa ta biyar na ji nauyi, ba irin fizgar kifi ba, kamar na kamo jiƙaƙƙen tsumma. Na naɗo zare a hankali sai ga wata halitta. Ba ƙashi, ba ƙaya, hannuwa wajen goma a ka, idanu manya kamar na akuya, jikinta yana canza launi ina kallo. Habbar suke ce mata. Adil yana ihu daga nasa jirgin, "Juya shi! Juya bakin waje!" Ni kuwa na ɗago ta daidai fuskata ina son in ga ikon Allah da kyau. Ta feso mini tawada baƙa ƙirin, daga goshi har ƙirjin jallabiyar aro. Tawadar ta isa a rubuta Yasin a yi saura. Adil ya yi dariya har jirginsa na rawa, ni kuma na tuna jallabiyar tasa ce, raina ya yi sanyi.

Kafin rana ta take na kama huɗu, shi biyu. Zan faɗi gaskiya, ko da ba halina ba ne yabon abu. Shekara shida ban zauna wuri ba tare da na san inda ƙofa take ba. A kan ruwan nan ba kowa a bayana. Har waƙar da ubana ke yi in yana jan taru ta dawo mini, na yi ta a hankali.

Bayan mun fito mun yi Azahar muka koma. Adil ya ce yanzu sai kifin rairayi, mai kwanciya a ƙasa. Ya canza mini abin fatsa, ya ce in riƙa bari yana taɓa ƙasa yana tsalle. Shi ya nufi can cikin tulun, ni na ga rairayi fari wajen bakin, na ce kifi na can. Iska ta fara tasowa, ban kula ba. Farin turken yana gabana kamar jifa biyu.

Nan ya kama. Wannan kam kifi ne, yana girgiza kai. Na jawo shi na ɗora tsakanin ƙafafuna. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, launin rairayi, kansa a baje kamar mota ta taka shi, idanu a sama. Na ce ai wannan ƙanen tarwaɗa ne. Na kai hannu na damƙe shi a bayan kai yadda ubana ya koya mini. Ashe a daidai nan yake da ƙaya biyu kamar aska. Ya murɗa, ɗaya ta shige tafin hannuna. Na sake shi, ya shiga tsalle a cinyata da ƙayoyinsa a tsaye. Ban yi tunani ba, ƙafafuna ne suka tuna Yawuri. Na miƙe tsaye.

Jirgin roba ba kwalekwale ba ne. Kafin in gama miƙewa sama ta koma ƙasa.

Da na taso ina tari, gishiri a hanci, jirgin yana kife, filafili ya yi nasa wuri. Rigar ceto ta riƙe ni sama kamar gora. Na kama igiyar gaban jirgin da hannun da ke da lafiya. Na yi ƙoƙarin juya shi, ya ƙi. Na yi ƙoƙarin hawa, santsi. Na waiga, Adil ya zama ɗan ɗigo ja can ciki, bayansa gare ni. Sai na ga farin turken yana wucewa ta gefena a hankali. Ba shi ke tafiya ba, iska ce ke fitar da ni.

Usur yana kafaɗata. Na ɗauke shi na kai baki. A lokacin na ji ƙarar inji, babba, daga waje. Jirgi ruwan toka, da tuta da dogayen ƙarafa a kai, yana bin gefen teku. Masu gadi ne.

Ku da kuke da kati a aljihu ba za ku gane abin da zan faɗa ba, amma akwai mutum huɗu a teburin Malam Sani da za su gane. Ban ga masu ceto ba. Na ga an ɗora ni, an ba ni bargo, an ce bataƙa. Na ga ɗan yatsana a kan injin nan mai karanta hannu. Na ga Rabi a ƙofar gidan tarhil da kwanon abinci ana ce mata an riga an tafi da shi. Na ga Hafsa da ƙannenta. Na saki usur. Na dubi rigar da ke jikina tana ƙyalli a rana kamar tana kiransu. Da kumburarren hannuna na kwance maɓallan nan uku, ɗaya bayan ɗaya. Na tura ta ƙarƙashin jirgi, ta ɓullo ta ɗaya gefen, iska ta tafi da ita. Ni kuma na laɓe a bayan shuɗin jirgin, na nutsar da jikina sai hanci.

Ba su gan ni ba. Igiyar ruwa ta yi yawa, jirgina launin teku ne, suna da nisa. Suka wuce. Wallahi tallahi hamdala na yi. Na ce Alhamdulillahi sau uku, ina murmushi cikin ruwa kamar wanda ya ci kasuwa.

Sannan ƙarar injin ta mutu, sai ni da ruwa.

Jallabiyar ta kwance daga ƙugu ta nannaɗe mini ƙafafu. Iyon da nake taƙama da shi na yaro ne ɗan sha biyu a kogi, ba na mai shekara hamsin da biyu da ya sha hayaƙin tukuba ba. Hannun dama ya zama kamar burodi, na hagu yana sanyi a kan igiya. Ƙasa ta koma zare. Duk igiyar ruwan da ta zo sai ta ba ni kofi ɗaya na gishiri. A nan na gane abin da na yi: na kori mutanen da za su fitar da ni, kuma na yar da abin da zai riƙe ni. Na kira su da iya ƙarfina, su ɗin da na ɓuyar wa. Ba wanda ya ji. Na karanta abin da na iya, ba shi da yawa, na yi ta maimaitawa.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san rana ta karkata, yatsuna biyu sun riga sun saki igiya, sai na ji wani inji, ƙarami, mai tari. Ban damu ko na waye ba. Na ɗaga kai na ga katako, na ga fuskar Ammi Salim a sama. Tsohon nan da ba shi da nama ya kama ni ta wuyan jallabiya, Adil ya kama ƙafa, suka zube ni cikin jirgi a kan raga kamar giwan ruwa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da Adil ya waiga bai gan ni ba, ya fito da gudu ya roƙi tsohon. Suka fita, abin da suka fara tsinta rigar ceton ce, babu kowa ciki. Adil ya zauna daɓas, ya ciro waya zai kira masu gadi. Tsohon ya riƙe masa hannu, ya juya rigar ya nuna masa maɓallan. Ya ce wanda ruwa ya ci ba ya tsayawa kwance maɓalli, wannan da hannu aka cire ta. Ya ce riga ba ta da nauyi, ita iska ke fara kaiwa nesa, jirgi da mutum suna baya. Ya juya kan jirginsa ya fuskanci iska, suka bi layin har suka same ni. Ya ba Adil minti goma, ya ce in ba su gan ni ba ya kira.

Ina kwance ina aman gishiri, tsohon ya tsuguna ya riƙe rigar a gabana. Ya ce da Larabci, "Mutum biyu ne ke tuɓe wannan a teku. Mahaukaci, da marar iƙama. Wanne ne kai?"

Na ce, "Duka biyun, ya Ammi."

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ya yi shekara tara a haka kafin Allah ya gyara masa, kuma ya san wani da ya yi irin abin da na yi, ba a same shi ba sai bayan kwana uku. Ya tsiyayo ruwan zafi daga butar shayinsa cikin gwangwani ya tsoma hannuna, ya ce zafi ke kashe dafin. Na yi ƙara, ya ce in yi, mai ƙara rai gare shi.

Da muka kusa gaci na dubi Adil. Idanunsa jajir. Sannan ya juyo, Hausarsa ta ƙara karyewa. "Me zan ce ma Rabi? Faɗa mini. In kai mata riga? In ce ga mijinki?" Na buɗe baki in ce masa yaro ba ya yi wa babba tsawa. Na ga rigar ceton a cikin jirgi, na fasa.

Da aka juya shuɗin jirgin, sandar fatsa na nan ɗaure da igiyarta, kuma ɗan banzan kifin nan yana maƙale a ƙugiya, duk yawon nan tare muka yi. Ammi Salim ya gasa shi a garwashi, ya soya habbar biyu da albasa aka zuba a kan shinkafa. Da safe na rantse ba zan ci abu mai hannu goma ba. Na ci. Kamar ganda take, sai dai ba ta ba haƙori wahala. Kifin kuwa fari tas, ba ƙarni, ya fi tarwaɗa, kuma ban so faɗin haka ba. Na cinye shi har kai.

Saura shingen shiga Makka, wanda ya fi na fita zafi. Mun iso kafin Magariba, ina sanye da rigar ƙwallon Adil, hannu a naɗe da tsumma, tawada ba ta gama fita daga gemuna ba. Wannan karon askar ya tsayar da mu. Ya karɓi katin Adil, ya dubi jiragen, ya leƙo ya dube ni. Ya ce, "An samu?" Adil ya buɗe masa kula ya ga habbar huɗun da suka rage. Ya ce masha Allah, ya ce babarsa na son su, ya buga bayan mota. Muka wuce. Da dogon agogon Harami ya ɓullo tsakanin duwatsu, na juya fuska wajen taga don kada Adil ya gani.

Na roƙe shi a mota kada ya faɗa wa Rabi zancen riga. A bakin ƙofa ya faɗa mata, ko takalmi bai cire ba. Ta saurara har ya gama. Ta ce wa yara su shiga ciki. Na jira kuka ko faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Baban Hafsa, da sun kama ka, da na san inda kake. Da za ka kira ni daga Yawuri in zage ka, ka kashe waya, gobe ka sake kira. Za ka ce don mu ka cire rigar. To mu wa ka tambaya?"

Na tsaya ruwa na ɗiga daga ledar kayana a kan tabarmarta. Na shiga ɗaki na jawo gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, na ciro tsohon fasfon da mataccen katin, na fito na miƙa wa Adil da hannun hagu don na dama ba ya riƙe komai. Ya karɓa da hannu biyu. Bai yi mini gori ba, kuma na gode masa da hakan fiye da fitar da ni daga ruwa.

Ban sani ba ko abin zai yiwu. Ya ce akwai layi, akwai sa hannun magadan tsohon kafilina, sai an nemo su. In ta yiwu, wata rana za ku gan ni ina tuƙa 'ya'yan Adil zuwa makaranta. Na yarda ku yi dariya, sau ɗaya. Wanda ya yi ta biyu ya nemi wani mai tsiren.

Ran Lahadi Rabi ta soya sauran habbar da yaji da tafarnuwa, yaran suka yi ta ihu suna cewa ba za su ci ba, suka cinye. Ni ta zuba mini nawa ta ajiye. Sai da na kai loma ta uku na ji hannunta a kan kafaɗata, daidai inda usur ɗin yake.